Ƙuri'ar Kansila da Tambayar 'Yancin Sikotland



Sharhinmu na yau zai kai mu Sikotland, ƙasar da ke arewacin tsibirin Birtaniya, mai mutum kusan miliyan 5 da rabi. Tun shekarar 1707 ta haɗe majalisarta da ta Ingila, daga baya aka ba ta majalisa da gwamnatin cikin gida, amma har gobe kusan rabin 'ya'yanta ba su daina tambayar ko wannan zaman tarayya ya kamata ya ɗore ba. Tambayar ta shiga ko'ina, har ta kai duk ranar da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, kafin a gama ƙirga ƙuri'u sai ka ji 'yan siyasa sun bar maganar kansiloli sun koma gardamar ɓallewa.

Ranar Alhamis 5 ga Mayun 2022 aka yi zaɓe a ƙananan hukumomi 32 na ƙasar. Jam'iyyar SNP, wadda aka kafa a 1934 kuma babban burinta shi ne 'yancin kai, ita ce ta zo kan gaba da kujeru 453, da kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'un zaɓin farko. Jam'iyyar Leba ta biyo baya da 282. Jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin riƙau ta faɗo zuwa 214, Liberal Democrat ta samu 87, sai jam'iyyar kare muhalli ta Greens, wadda ita ma ke goyon bayan ɓallewa, ta tashi da 35. Jam'iyyar Alba da Alex Salmond, tsohon shugaban SNP, ya jagoranta bayan ya raba gari da ita ko kujera ɗaya ba ta samu ba.

Nan take kowa ya ja bargon gefensa. Magoya bayan SNP suka ce ai ga shi nan, shekara 15 muna riƙe da gwamnatin Sikotland amma kujerunmu ƙaruwa suka yi, jama'a na tare da mu, a ba mu ƙuri'ar raba-gardama ta biyu. Masu son zama a Birtaniya kuwa suka ɗauki alƙalami suka haɗa ƙuri'un SNP da Greens da Alba, suka ga kashi 40 ne da 'yan kai, suka ce to ina goyon bayan? Ai ko kashi 45 ɗin da kuka samu a ƙuri'ar raba-gardamar 2014 ba ku kai ba.

Ni a ganina duka ɓangarorin biyu mudun da suke awo da shi ba na wannan hatsin ba ne. Kuma hujjar da ta fi gamsar da ni, daga tarihin ƙasar na baya-bayan nan ta fito.

A zaɓen ƙananan hukumomi na 2012, jam'iyyar Leba, wadda ke adawa da ɓallewa, ta samu cikakken rinjaye a Gilasgo, birni mafi girma a ƙasar, ta samu a North Lanarkshire, ta samu a West Dunbartonshire. SNP ta so ƙwace Gilasgo a waccan shekarar, ta zuba ƙarfinta duka, ta sha kaye. Jaridu da dama suka ce wannan alama ce cewa guguwar 'yanci ba ta isa unguwannin ma'aikata ba. Ita kuma SNP ta samu cikakken rinjaye a wurare biyu, Dundee da Angus.

Bayan shekara biyu, ranar 18 ga Satumban 2014, aka yi ƙuri'ar raba-gardama. Masu cewa a'a suka yi nasara da kashi 55 cikin ɗari, mutum miliyan 2 da ɗoriya, masu cewa e suka samu kashi 45, wajen mutum miliyan 1 da dubu 600. An ƙirga ƙuri'un ne ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, saboda haka ana iya gwada su da sakamakon 2012 kai tsaye. Cikin 32 ɗin nan, huɗu kacal suka ce e. Ku saurari sunayensu: Dundee, Gilasgo, North Lanarkshire, da West Dunbartonshire. Wato uku daga cikin huɗun, wuraren nan ne da suka damƙa wa Leba ragamar hukumarsu shekara biyu kafin nan. Angus kuwa, inda SNP ke da cikakken rinjaye, a'a ta ce. Aberdeenshire, yankin da Alex Salmond kansa ke wakilta a lokacin, kashi 60 cikin ɗari a'a suka ce. Haka Moray, haka Perth da Kinross, duk wuraren da SNP ta daɗe tana cin zaɓe.

Duk wanda ya ɗauki taswirar 2012 ya yi hasashen 2014 da ita, da ya yi mummunan kuskure. Manomi a Angus ko masunci a gaɓar Moray yana iya zaɓen SNP don yana ganin ita ce ke kare muradun yankinsa, ko don ba ya son Leba, amma da aka tambaye shi ko a raba ƙasa, sai ya tuna kasuwarsa da fanshonsa da kuɗin da ke aljihunsa ya ce a'a. Ma'aikaciyar asibiti a gabashin Gilasgo kuwa, gidansu Leba suke yi tun kakanni, kansilanta na Leba shi ta sani, shi ke amsa wayarta idan rufin gida na yoyo. Amma da aka tambaye ta ko tana son a ci gaba da yi mata mulki daga Landan, sai ta tuna masana'antun da aka rufe a zamanin Firaminista Margaret Thatcher, ta tuna harajin kai da aka fara ɗora wa Sikotland a 1989 shekara guda kafin Ingila, ta ce e. Kowannensu ya san abin da yake yi. Tambayoyi biyu aka yi musu, suka ba da amsa biyu.

Kuma abin ya sake maimaituwa. A 2022, West Dunbartonshire ɗin nan da ta ce e ga 'yanci, ita ce ƙaramar hukuma ɗaya tilo da Leba ta samu cikakken rinjaye a cikinta.

Akwai kuma yadda ake jefa ƙuri'ar kanta, wanda ya kamata mai sauraro ya fahimta, domin ya sha bamban da wanda muka saba. Tun 2007, mai zaɓen kansila a Sikotland ba dangwala wa mutum ɗaya yake yi ba. Ana miƙa masa takarda mai sunayen 'yan takara a jere bisa tsarin haruffa, ya shiga ɗan lungun nan ya ɗauki fensir, ya rubuta 1 a gaban wanda ya fi so, 2 a gaban na biye, 3, 4, har inda ya ga dama. Yawancin mazaɓu kansila uku ko huɗu suke fitarwa. A mazaɓa mai kujera huɗu, ɗan takara na buƙatar abin da ya ɗara kashi ɗaya cikin biyar na ƙuri'un kafin ya tsallake. Idan ya samu fiye da bukatarsa, rarar sai a raba ta ga waɗanda masu zaɓensa suka sa a na biyu. Idan kuwa shi ne na ƙarshe, a fitar da shi a miƙa ƙuri'unsa gaba. Na'ura ce ke wannan lissafi, shi ya sa sai washegari ake ƙirgawa.

Wannan tsari na nufin da wuya jam'iyya ɗaya ta share kujeru duka, irin yadda muka saba ji a wasu jihohin Najeriya inda jam'iyyar gwamna ke lashe kowace ƙaramar hukuma. Yana kuma nufin kashi 34 ɗin nan da ake ta yayatawa zaɓin farko ne kawai. Wanda ya sa wa wani dattijon unguwa mai zaman kansa lamba 1, ya sa wa SNP lamba 2, a wane layi za a ajiye shi? A tsibiran Orkney da Shetland da na yamma, yawancin kansiloli ba su da jam'iyya kwata-kwata. A faɗin ƙasar kujeru kusan 150 ne suka tafi ga irin waɗannan. Ba wanda ya tambayi masu zaɓensu ra'ayinsu kan raba ƙasa.

Sannan mu dubi yawan waɗanda suka fito. A 2014, kusan kashi 85 cikin ɗari na masu rajista suka jefa ƙuri'a, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin zaɓukan ƙasar na zamani. An ba 'yan shekara 16 da 17 dama a karon farko. Mutanen da rabonsu da rumfar zaɓe tun ƙuruciya suka fito. A zaɓen kansiloli na 2022 kuwa kashi 45 ba a cika ba. Fiye da rabin jama'a na gida. Kuma waɗanda suka fi zama a gida ranar zaɓen kansila, matasa ne da mazauna unguwannin talakawa, wato rukunin da ya fi karkata ga 'yanci. Waɗanda ba sa fashi kuwa dattawa ne masu gidan kansu, rukunin da ya fi karkata ga zama a Birtaniya. Ka ga tun kafin a buɗe akwati ma'aunin ya riga ya karkace.

Wani zai ce to ai duk da haka zaɓen ƙananan hukumomi na nuna inda iska ke kaɗawa. Gaskiya ne, wani lokacin yana nunawa, amma iskar jam'iyyu yake nunawa. A 1967 Winnie Ewing ta SNP ta girgiza Birtaniya da ta ci zaɓen cike gurbi a Hamilton. A zaɓen ƙananan hukumomi na shekarar da ta biyo baya SNP ta kwashi kujeru masu yawa, aka yi ta cewa an gama. Da babban zaɓen 1970 ya zo, kujera ɗaya ta samu a majalisar Landan, ita kanta Ewing ta rasa tata. A Mayun 2017 kuma, Ruth Davidson ta jam'iyyar Conservative ta yi kamfen ɗin kansiloli da magana ɗaya tak, cewa ba ma son ƙuri'ar raba-gardama ta biyu. Jam'iyyarta ta tashi da kujeru 276, ta tura Leba matsayi na uku. Wata ɗaya bayan nan, a babban zaɓe, SNP ta faɗo daga kujeru 56 zuwa 35, Salmond ma ya rasa tasa. A nan kam zaɓen kansiloli ya yi gargaɗi. Amma a zaɓen 2017 ɗin nan ne dai SNP ta karɓi jagorancin Gilasgo daga hannun Leba, wadda ke riƙe da birnin tun 1980, Susan Aitken ta zama shugabar hukumar. To wanne za a ɗauka a matsayin muryar jama'a?

Abin da ya faru a Yulin 2024 shi ya kamata ya rufe bakin kowa. SNP ta shiga babban zaɓe a jigace. Nicola Sturgeon ta sauka daga shugabancin jam'iyyar da gwamnatin Sikotland a farkon 2023, 'yan sanda na binciken kuɗin jam'iyya, Humza Yousaf, Musulmi na farko da ya shugabanci gwamnatin Sikotland, ya yi shekara ɗaya da 'yan makonni ya ajiye bayan ya raba gari da Greens, John Swinney ya karɓa ana saura watanni biyu zaɓe. Jam'iyyar da ta ci kujeru 48 a 2019 ta tsira da 9. Leba ta kwashi 37. Da a ce ƙuri'ar SNP ita ce ƙuri'ar 'yanci, da sai mu ce batun ya mutu murus. Amma binciken jin ra'ayin jama'a kafin zaɓen da bayansa ya ci gaba da nuna kusan rabin mutane na goyon bayan ɓallewa. Dubban masu son 'yanci Leba suka zaɓa, don su kori gwamnatin Conservative daga Landan, ko don sun gaji da SNP. Sun bar jam'iyyar, ba su bar ra'ayin ba.

Da a ce ɓarnar wannan ruɗani ta tsaya ga masu sharhi irinmu, da da sauƙi. Abin da ke damuna shi ne talakan da ke biyan kuɗin ruɗanin.

Ƙaramar hukuma a Sikotland ita ke riƙe da makarantun firamare da sakandare. Ita ke tura mai kula da tsoho gidansa da safe ta yi masa wanka ta ba shi magani. Ita ke kwashe shara, ta gyara titi, ta zuba gishiri a hanya idan ƙanƙara ta sauka, ta nema wa wanda ba shi da muhalli wurin kwana. Wanda za a zaɓa kan waɗannan ayyuka kamata ya yi a auna shi da su. Amma dubi abin da ya faru bayan zaɓen 2022. A Edinbara, babban birnin ƙasar, SNP ce ta fi kujeru, 19 cikin 63. Leba na da 13. Leba ce ta kafa mulki, domin Liberal Democrat da Conservative sun ɗaga mata hannu don kada SNP ta hau. A Fife ma haka aka yi, SNP na kan gaba da tazara, aka zagaye ta. A wasu wuraren kuma SNP da Greens suka haɗa kai bisa layin nan dai. Doka ba ta hana ba, kuma haɗin gwiwa halal ne a siyasa. Sai dai abin da ya haɗa su bai shafi makaranta ko gidan haya ba. Leba da Conservative ba su yarda da juna a kan haraji ko albashi ba, abu ɗaya ya tara su, shi ne tutar da za ta tashi a kan ginin.

Watanni uku da wannan zaɓe, a watan Agusta, masu kwashe shara na Edinbara suka tafi yajin aiki kan albashi, daidai lokacin bikin wasanni da al'adu da ke jawo baƙi daga ko'ina a duniya. Kusan mako biyu ba a taɓa bola ba. Kwandunan shara suka cika suka tumbatsa, kofunan shayi da takardun abinci da baƙaƙen ledoji suka taru a gefen titunan tsohon gari, tsuntsayen teku na farke ledojin suna warwatsawa, baƙi na toshe hanci suna ɗaukar hoto, har hukumar lafiya ta yi gargaɗi. Yajin ya bazu zuwa wasu ƙananan hukumomi. Ma'aikatan nan ba tuta suke nema ba, farashin abinci da wuta ne ya haura sama albashinsu na nan inda yake. Ƙananan hukumomi suka ce ba su da kuɗi sai gwamnatin Sikotland ta ƙaro, gwamnatin Sikotland ta ce Landan ce ta ƙuntata mata, Landan ta ce ai mun ba ku. Sai da Sturgeon ta zauna da ƙungiyoyin ƙwadago da kanta kafin a daidaita. Wannan rikici yana tafe tun kafin zaɓe, amma 'yan takara nawa aka matsa wa da tambaya a kansa?

Ko mu ɗauki matan Gilasgo. Shekaru da dama hukumar birnin, a ƙarƙashin Leba, tana biyan mata masu shara da dafa abincin makaranta da kula da tsofaffi ƙasa da abin da take biyan maza masu aikin da ya yi daidai da nasu. Matan suka yi ta shari'a. A Oktoban 2018, lokacin SNP ta riga ta karɓi birnin, kimanin mutum dubu 8 suka yi yajin aikin kwana biyu, suka cika tituna. A 2019 aka amince a biya su sama da fam miliyan 500, kuma sai da hukumar ta jinginar da wasu manyan gine-ginenta kafin ta samo kuɗin. Wasu daga cikin matan sun rasu ba su ga haƙƙinsu ba. Irin wannan ne abin da ƙuri'ar kansila ke yanke hukunci a kai. Wanda ya ce wa irin matan nan su ajiye wannan su zaɓi kansila don aika saƙo Landan, ko don aika saƙo ga Sturgeon, bai yi musu adalci ba.

A nan dole in juya kan SNP, domin laifi tudu ne. Jam'iyyar da kullum ke kukan Landan ta ƙanƙame iko, ita ma ta ƙanƙame wa na ƙasa da ita. A 2013 ta haɗe rundunonin 'yan sanda takwas na yankuna ta mayar da su ɗaya, haka ta yi wa hukumomin kashe gobara. A 2007 ta yi alkawarin soke harajin gidaje da ƙananan hukumomi ke karɓa ta kawo wanda ya fi adalci. Ba a soke ba, har yanzu da ƙimar gidaje ta 1991 ake lissafinsa. Maimakon haka sai ta daskarar da shi kusan shekara goma, ta hana hukumomin ƙarawa. Mai gida ya ji daɗi, amma hukumar da harajin nan bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shigarta ba ta ƙara zama 'yar amshin Edinbara. A tsakiyar 2023 gwamnati ta sa hannu kan yarjejeniya da ƙungiyar ƙananan hukumomi cewa daga yanzu sai an yi shawara. Watanni kaɗan bayan haka, Humza Yousaf ya hau mumbarin taron jam'iyyarsa ya sanar da sake daskarar da harajin, shugabannin hukumomin a labarai suka ji.

Su kansu hukumomin sun yi wa mutane nisa. Ƙaramar hukumar Highland ita kaɗai ta fi jihar Kano faɗin ƙasa. Mutumin wani ƙauye a gaɓar arewa maso yamma sai ya yi tafiyar sa'o'i a mota kafin ya isa hedikwatarta a Inverness. Shi ya sa ban yi mamaki ba da kansilolin Orkney, a Yulin 2023, suka kaɗa ƙuri'ar a binciko musu wasu hanyoyin mulkin kansu, har da duba tsohuwar alaƙarsu da Norway, wadda tsibiran ke ƙarƙashinta har cikin ƙarni na 15. Orkney ita ce ta fi kowa cewa a'a a 2014, kashi 67 cikin ɗari. Kukansu shi ne Edinbara da Landan duk sun manta da su, jiragen ruwan da ke haɗa tsibiransu sun tsufa ba a sauya ba. Mai son ya gamsar da ɗan Orkney cewa mulki a hannun 'yan gida ya fi, ai da jirgin ruwansa zai fara.

To amma kada a ɗauka na wanke Landan. Dalilin da ya sa kowane zaɓe a Sikotland ke rikiɗewa ya zama ƙuri'ar raba-gardama a fakaice shi ne an toshe ƙofar ta gaskiya. A 2012 Firaministan Birtaniya David Cameron da shugaban gwamnatin Sikotland Alex Salmond suka zauna a Edinbara suka sa hannu, aka ara wa majalisar Sikotland ikon shirya ƙuri'ar, kowa ya yi alkawarin karɓar sakamako, aka yi lafiya aka gama lafiya. Cikin abubuwan da aka faɗa wa masu zaɓe a lokacin har da cewa hanyar zama a Tarayyar Turai ita ce a ce a'a. A 2016 sai Birtaniya ta zaɓi ficewa daga Tarayyar, alhali kashi 62 cikin ɗari na 'yan Sikotland zama suka zaɓa, kuma babu ko ɗaya cikin hukumomi 32 da ta goyi bayan fita. Aka fita da su a kan dole. Da aka nemi ƙuri'a ta biyu, Firaminista Theresa May ta ce yanzu ba lokacinta ba ne. Magajinta Boris Johnson ya ƙi. A 2021 jam'iyyun da suka yi alkawarin ƙuri'a ta biyu suka samu kujeru 72 cikin 129 a majalisar Sikotland, amsar ba ta sauya ba. A ranar 23 ga Nuwamban 2022 kotun ƙolin Birtaniya ta yanke cewa majalisar Sikotland ba ta da ikon shirya ƙuri'ar sai da yardar Landan.

Hukuncin kotu ya fayyace doka, kuma gwamnatin Sikotland ta bi shi, ba ta bi hanyar yankin Kataloniya na Spain ta 2017 ba, wadda ta ƙare da kulkin 'yan sanda da ɗaurin shugabanni. Wannan abin yabo ne. Amma tambayar siyasa na nan. Gwamnatocin Birtaniya sun sha faɗin cewa tarayyar ta son rai ce. Idan haka ne, ta ina ake fita? A Ireland ta Arewa, yarjejeniyar 1998 ta tanadi cewa idan alamu suka nuna rinjaye na son haɗewa da Jamhuriyar Ireland, wajibi ne a kira ƙuri'a, kuma ba za a sake ba sai bayan shekara 7. Sikotland ba ta da irin wannan tanadi ko layi ɗaya. Ba a ce sai kun samu kujeru kaza ba, ba a ce sai bayan shekara kaza ba. Masu cewa ai Salmond da bakinsa ya kira 2014 damar da ke zuwa sau ɗaya a zamani suna da hujja, to a faɗi tsawon zamanin a rubuta. Mutanen da ba a nuna musu ƙofa ba, kowace taga suka gani za su gwada, har da ta zaɓen kansila.

Kuma ita tambayar 'yancin tana da nauyin da ya cancanci a ware mata ranarta. Wane kuɗi ƙasar za ta kashe, fam na Ingila ko sabo? Idan ta koma Tarayyar Turai, yaya za a yi da iyakarta da Ingila, alhali fiye da rabin abin da take sayarwa waje can yake tafiya? Man fetur ɗin tekun arewa da aka gina lissafin 2014 a kansa, gangarsa ta faɗo daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da 30 cikin shekara biyu, rijiyoyin na tsufa, matatar Grangemouth ma ta daina tace mai a 2025. Jiragen yaƙin nukiliya da ke Faslane ina za su koma? A ɗaya gefen kuma, me zai hana ƙasa mai yawan mutane kamar Denmark ko Norway ko Ireland ta tsaya da ƙafarta? Waɗannan tambayoyi ba ɗan takarar kansila ne zai amsa su a bakin ƙofa cikin minti biyu ba.

Kafin in rufe, akwai 'yan'uwanmu da abin ya shafa kai tsaye. A Aberdeen da Gilasgo da Edinbara da Dundee akwai 'yan Najeriya da Gana da Sudan da dama, ɗalibai da likitoci da injiniyoyin mai da masu kula da tsofaffi. 'Yan ƙasashen Commonwealth da ke zaune bisa ƙa'ida sun daɗe da samun damar zaɓe, kuma sun jefa ƙuri'a a 2014. Tun 2020 majalisar Sikotland ta faɗaɗa damar ga duk baƙon da ke da izinin zama, har da waɗanda aka ba mafaka, a zaɓen majalisarta da na ƙananan hukumomi. A 2022 Roza Salih, Bakurdiya da ta shigo Gilasgo tana yarinya da iyayenta suna neman mafaka, ta zama kansila a birnin.

Zaɓen kansiloli na gaba a watan Mayun 2027 zai zo. Ɗan'uwa da ke sauraronmu daga can, idan suka ƙwanƙwasa maka ƙofa da takardunsu, za su so su ja ka zuwa maganar tuta. Kai kuma ka tambaye su mutum nawa ke jiran gida a unguwarka kuma shekara nawa suka yi suna jira, malamai nawa aka rage a makarantar 'ya'yanka, nawa ake biyan matar da ke kula da tsofaffi a awa, kuma da wa za su haɗa kai idan ba su samu rinjaye ba. Wannan ta ƙarshen ka nace sai sun amsa kafin ka rubuta musu lamba.